FUNFUNAR RAƁA, DA YADDA A KE TSARE LAMBUN GIDA DAGA GARE TA

 

Na sani da yawa cikinku tun da sassafe ku ke tsaye gaban inji, wani a majemar Challawa, wani a kamfanin roba na Sharada, wani can Bompai, saboda haka ba zan tsare ku da dogon share fage ba. Maganar da za mu yi yau a kan wata cuta ce ta ganye, wadda ke shiga ɗan lambun nan da mutum ya kan yi bayan ɗakinsa ko gefen katanga, inda ya ke shuka kokwamba, da kabewa, da kankana, da latas, da 'yar albasa, domin ya rage kuɗin cefane. Lambun ba shi da girma, amma wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba ya san amfaninsa. Cutar nan kuwa tana iya cinye shi ƙurmus cikin mako biyu.

Turawa suna ce da ita dauni mildiyu. Ku riƙe wannan suna, gama shi za ku faɗa in kun je wurin malamin gona ko mai sayar da iri. Mu kuwa a nan za mu riƙa ce mata funfunar raɓa, domin kamarta kamar funfuna ce, kuma da raɓa ta ke rayuwa.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taso a ƙauye ya taɓa ganin gero ya fid da kai, maimakon tsaba sai 'yan ganyaye kore a murɗe cunkus kamar gashin da ba a taje ba. Malaman gona na ƙasar Nijar su kan kira wannan kuturtar gero. To, ita da cutar da mu ke magana dangi ɗaya ne. Sai dai kowace shuka da tata. Ta gero ba ta kama kokwamba, ta kokwamba ba ta kama albasa, ta albasa ba ta kama latas ko kabeji. Amma ta kokwamba tana kama dukan 'yan gidansu, watau kabewa, da kankana, da gurji, da guna, da duma, har da soson nan da ke hawa darni ba wanda ya shuka shi. Wannan magana tana da amfani, za mu komo gare ta.

Da fari, yaya mutum zai gane ta? Ga kokwamba, sai ka ga tabo-tabo rawaya a bisa ganye, tsofaffin ganyaye na ƙasa su ke fara yi. Tabon ba kewayayye ba ne. Yana da kusurwa, gama jijiyoyin ganye suna tare shi, sai ya zama kamar an yanka fangali-fangali ƙanana. Kada ka tsaya nan. Ka juya ganyen da sassafe, tun rana ba ta busar da raɓa ba, ka dubi bayansa daidai ƙarƙashin tabon. In ita ce, za ka ga wani abu lallausa kamar gashin jariri, launinsa toka-toka mai ɗan duhu. Bayan 'yan kwanaki tabon ya koma ƙasa-ƙasa, ya haɗu da na kusa da shi, ganyen ya bushe ya naɗe, ka rantse wuta aka gifta masa. Ga kankana tabon ya fi duhu, ba ya yin kusurwa sosai, ganyen kuwa ya kan naɗe sama. Ga latas, abin da ke bayan ganyen fari ne fat. Ga albasa, dogon tabo ne fari-fari a jikin ganye, da ƙura mai launin toka da ɗan shuɗi a kansa, daga nan ganyen ya karye ya kwanta.

In ka duba ba ka ga kome a bayan ganyen ba, kana kuwa shakka, ga wata dabara mai sauƙi. Ka tsinki ganyen da yamma, ka sa shi cikin leda tare da ɗan tsumma jiƙaƙƙe, ka ɗaure, ka ajiye a ɗaki inda ya ke da sanyi. Da safe ka buɗe. In cutar ce, gashin nan ya fito.

Na nace a kan wannan domin ba kowane ganye mai rawaya ke da funfunar raɓa ba, kuma mutane da yawa suna ɓad da kuɗinsu wajen maganin cutar da ba ita ce ta kama su ba. Akwai wata funfuna dabam, fara, wadda ke kwanciya a bisa ganye kamar an barbaɗa gari, kun sha ganinta a kuɓewa da kabewa da rani. Ita wannan ba ta bukatar jiƙaƙƙen ganye, halinta dabam, maganinta dabam. In kuwa tsohon ganye ya yi rawaya baki ɗaya, ba tabo, yunwa ce, taki ya ke so. In gefen ganye ne ya ƙone ya kewaye, tsakiya na nan kore, to, ka tuhumi ruwan da ka ke ba shi, musamman kai da ke ɗiba daga kwata ko rafin da ya biyo ta bayan masana'antu.

Ku lura kuma, cutar ba ta taɓa ɗan kokwamba ko na kankana da kansa. Ganye ta ke ci. Amma ganye shi ne madafar shuka, a nan a ke dafa abincin da ke zuwa ga 'ya'ya. In ganye ya tafi, 'ya'yan su tsumbure, su karkace, rana ta ƙona su, kankana kuwa ta fito lami ba zaƙi.

Yanzu bari mu dubi halin abin da ke kawo ta, gama wanda ya san halin ɓarawo shi ya san inda zai toshe. Wata halitta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya tata sai da madubin nan na masu bincike mai girmama abu. Da can masana sun ɗauka funfuna ce sosai irin ta burodi. Daga baya aka gane ta fi kusa da tsire-tsiren ruwa, dangin gansakuka. Shi ya sa duk rayuwarta ke rataye da ruwa.

Ga yadda ta ke. Gashin nan da ka gani bayan ganye, rassa ne masu ɗauke da ƙwayoyin irinta, dubbai bisa dubbai. Cikin dare su ke fitowa, sa'ad da iska ta cika da laima. Da hantsi, in iska ta fara bushewa, sai su kakkaɓe, iska ta kwashe su ta kai lambun maƙwabci, ko wata unguwa, ko wani gari. Wadda ta faɗa bisa busasshen ganye, rana ta buge ta, ba ta daɗewa sai ta mutu. Amma wadda ta faɗa bisa jiƙaƙƙen ganye, sai ta fashe, waɗansu 'ya'ya masu wutsiya su fito, su yi iyo cikin ɗigon ruwan nan kamar talibambam a kududdufi, har su sami 'yan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, su shige. In yanayi ya yi mata daidai, awa 2 kaɗai na jiƙa ya isa ta shiga. In ganye ya kwana a jiƙe, to, ta sami biki. Bayan kwana 4 zuwa 12 tabo ya bayyana, sabon iri ya fito, a sake zagayowa. Ta fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin 15 da 22, zafin Maris da Afrilu na Kano kuwa yana dakatad da ita.

Kun ji asirinta ke nan. Ba ta iya shiga busasshen ganye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsaguwar bangon nan kuwa ita ce ruwan da ya kwanta bisa ganye. Duk abin da zan faɗa daga nan har ƙarshe, dabarun rage wa ganye sa'o'in jiƙa ne.

A nan Kano lokacinta babba shi ne tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli, da Agusta duka, har cikin Satumba, sa'ad da a ke kwana ana yayyafi, gari ya waye da hadari, raɓa ta kai hantsi ba ta bushe ba. Da hunturu iska busasshiya ce, bisa ga al'ada bai kamata cutar ta yi ƙarfi ba. Amma dare yana da sanyi irin wanda ta ke so, ruwa kaɗai ta rasa. Sau da yawa kuwa mai lambu ne da kansa ke kai mata ruwan.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma ku ma'aikata ya fi shafa. Mutum ya fita tun da asuba, bai komo ba sai gab da magariba. Ya ga shukarsa ta yi yaushi, tausayi ya kama shi, ya ɗauki bokiti ko butar ban ruwa ya yi ta watsawa daga bisa, ya wanke ganye sarai, ya ce ƙurar hanya ya ke kakkaɓe musu. Rana ta riga ta faɗi, ba abin da zai busar da su. Ganyen nan zai kwana awa 12 ko fi a jiƙe, cikin sanyi. Da cutar tana da baki, da ta yi masa godiya.

Saboda haka abu na fari, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne a sake lokacin ban ruwa da yadda a ke yinsa. Ka yi shi bayan sallar asuba kafin ka fita, domin abin da ya fantsama bisa ganye rana ta busar da shi. Ka zuba ruwan a gindi, ko ka ja 'yar hanya tsakanin kunya ruwa ya bi ta ciki. Wanda ke aikin dare ya fi kowa sa'a, sai ya ba da ruwa da ya sauko da safe. Wanda ba yadda zai yi sai da yamma, to, ya sunkuya ya zuba a ƙasa sannu, kada ya taɓa ganye. In da yaro a gida da a ke sa wa ban ruwa, a nuna masa da hannu, gama yara sun fi son watsawa. Waɗansu su kan huda gindin tsohuwar jarka ko gorar ruwa, su binne rabinta kusa da shuka, su cika, ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali zuwa saiwa. Wannan dabara ce mai kyau, tana kuwa rage kuɗin ɗan garuwa. Sa'an nan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindin shuka, domin ƙasa ta riƙe danshi, ba sai an yi ta ban ruwa kullum safe da yamma ba.

Ruwan sama ba mai iya hana shi, amma ana iya taimakon ganye ya bushe da wuri bayansa. Abu biyu ke busar da ganye, iska da rana, gidajenmu na Ja'en, da Panshekara, da Dakata, da Tudun Murtala kuwa duka biyu sun yi musu ƙaranci. Fili kaɗan, katanga ta ko'ina, mutum kuwa yana so ya cusa kome da kome. In kana da zaɓi, ka yi lambun inda ranar safe ke fara sauka, kada ka yi shi gindin katangar gabas inda inuwa ke kai wa hantsi, kada kuma ka yi shi ƙarƙashin indararo. Ka ba kowane gindin kokwamba kamu guda tsakaninsa da ɗan'uwansa, tsakanin layi da layi kuwa babban taki guda ko fi. Na san zuciya ba ta son barin fili a banza. Amma gindi 10 masu lafiya sun fi 30 da za su ƙone tare.

Kada ka bar kokwamba ta yi yaɗo a ƙasa. Ka kafa mata sanduna, ka ɗaura igiya ko kara, ta hau. Ganyen da ke rataye yana ɗige ruwansa nan da nan, iska na ratsa shi, kai kuma kana iya ganin bayansa ba sai ka durƙusa ba. Ka cire ciyawa, gama tana riƙe laima. Kashin kaji kuma a yi hankali da shi. In ya yi yawa, ganye ya kan yi ƙato, ya yi taushi, ya rufe juna, irin wanda cutar ke so ke nan. Ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki ya fi sauƙin kai.

Tun da mun ambaci taki, akwai wata magana da ta keɓanta da wannan yanki namu. Kun sani ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai, na Sharada kuwa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa. Masu bincike na jami'o'i sun auna ruwan nan da ƙasar da a ke ban ruwa da shi, sun sami ƙarafa masu guba ciki, musamman kurom ɗin da a ke jima da shi. Wanda ya ƙi maganin kanti domin ya ci abinci mai tsabta, sa'an nan ya ba lambunsa wannan ruwa, ko ya kwaso laka da sharar majema ya zuba a matsayin taki, bai tsira da kome ba. Ruwan rijiya, ko na famfo, ko wanda aka tara daga rufin kwano, shi ya dace da lambun gida.

Sai lokacin shuka. Kokwamba tana fara ba da 'ya'ya cikin kwana 45 zuwa 55. In ka shuka a farkon Yuni, ko ƙarshen Mayu kana taimakonta da ruwa, za ka ci rabonka mai yawa kafin Agusta ya kankama. Wanda ya shuka a tsakiyar Yuli kuwa, shukarsa za ta yi fure daidai lokacin da iska ta cika da irin cutar. Kada kuma ka yi sabuwar shuka jikin tsohuwa mai tabo, tamkar ka kwantar da jariri ne kusa da mai ƙyanda.

Ga kuma inda karatun da ku ke koyo zai biya ku. Ba kowane iri ke kamuwa daidai da wani ba. Manoman gero sun ga haka da irin nan SOSAT, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar a shekarar 2000, yana jure wa kuturta fiye da yawancin irin gida. Kayan lambu ma haka ne. In ka je sayen iri, ka juya fakiti ko gwangwanin ka karanta. In ka ga haruffa DM, ko Pcu, kusa da su kuma IR ko HR, ma'anarsa irin yana da juriya ga wannan cuta, HR ya fi IR ƙarfi. Amma juriya ba sulke ba ce. Tsofaffin irin kokwamba kamar Poinsett da Marketmore sun yi shekaru suna gagarar cutar a Amurka, sai a 2004 wani sabon jinsinta ya ɓullo ya karya su. Iri mai juriya yana jinkirta ta ne, ya ba ka mako biyu ko uku na ƙarin girbi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

To, in duk da haka ta shigo fa? Wanda ke duba bayan ganye sau biyu a mako shi zai gan ta tun tana tabo uku ko huɗu. Ka jira sai da rana ganye ya bushe, ka tsinke masu tabon, ka sa cikin leda nan take, kada ka yi yawo da su cikin lambu kana kaɗawa. Ka binne su da zurfi ko ka ƙone. Kada ka zuba cikin ramin taki. Kada kuma ka shiga tsakanin shuka da safe tana jiƙe, gama hannu da riga suna ɗaukar cutar daga wannan gindi zuwa wancan.

Bayan girbi akwai bambanci da ya kamata ku sani. Ta dangin kokwamba, bisa ɗanyen ganye ta ke rayuwa, daga shuka mai rai zuwa shuka mai rai. Saboda haka tsohon yaɗon kabewa da aka bari bisa danga bayan an gama cin amfaninsa, da soso, da dumar da ta hau rufin ɗaki, su ne masaukinta. A tuge su. Ta albasa da ta gero kuwa suna yin wata ƙwaya mai tauri wadda ke kwanciya cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye shekaru tana jira. Inda albasa ta kamu, kada a maimaita albasa ko tafarnuwa a wurin sai bayan shekara 3 ko 4, kada kuma a ajiye kan albasar da ya fito daga nan domin iri.

Na san tambayar da ke bakin kowa, ina maganin fesawa? Zan faɗa muku gaskiya bisa ga abin da gwaji ya nuna. Ruwan ganye ko 'ya'yan darbejiya abu ne mai kyau, yana korar ƙwari da yawa, amma ƙarfinsa a kan funfunar raɓa kaɗan ne. Madara da aka surka da ruwa, da hodar nan ta yin burodi, suna taimako a kan farar funfunar rani da na faɗa ɗazu, a kan wannan kuwa kusan babu. Toka ma haka. Abin tsoro kuma, mutum ya yi ta fesa waɗannan da yamma yana jiƙa ganye, ya zama yana ciyad da abin da ya ke so ya kashe. Magungunan kanti masu shiga jikin shuka, irin su Ridomil, suna da ƙarfi, amma ba su cikin hanyar da mu ke bi yau, kuma kokwamba da latas ɗanyu a ke cinsu, yara na tsinka su kai baki.

Magani guda ne tsoho wanda masu noma ba da sinadarin kanti ba suka yarda da shi a ƙasashe da yawa, shi ne ruwan tagulla. Labarin samunsa abin ji ne. A shekarar 1878 funfunar raɓa ta inabi ta shiga Faransa daga Amurka, ta yi ta ƙone gonaki, mutane suka rasa abin yi. A 1882 wani malamin jami'ar Bordo, sunansa Millardet, yana wucewa ta wata gonar inabi, sai ya ga layukan da ke bakin hanya ganyensu na nan kore, na ciki kuwa duk sun zube. Ya tambaya, aka ce masa ai na bakin hanyar an yayyafa musu wani shuɗin ruwa ne, na gishirin tagulla da laim, domin masu wucewa su ga kamar guba su bar tsinka. Ashe abin da aka yi domin ɓarayi shi ya kori cutar. Ya yi ta gwaji, a 1885 ya bayyana wa duniya, har yau ana kiran haɗin da sunan garin Bordo.

Ga yadda a ke haɗa shi domin kayan lambu masu taushin ganye. Ka sami shuɗin gishirin tagulla, wanda masu kanti ke kira kwafa salfet, giram 50. Ka sami laim giram 50. Ku 'yan majema kun san laim, shi a ke cire gashin fata da shi, amma sabo za a saya, ba wanda aka yi aiki da shi ba, kuma farar ƙasar da a ke haƙowa ko alli ba za su yi ba. Ka sa a auna maka a kan sikeli, kada ka yi kirdado. Ka sami bokitin roba biyu, ban da na ƙarfe, gama tagulla tana cin ƙarfe. Ka narka shuɗin cikin ruwa lita 5 a bokiti ɗaya, laim kuma cikin lita 5 a ɗayan. Sa'an nan ka tsiyaya ruwan shuɗin cikin na laim sannu sannu kana motsawa da sanda, har ya zama launin sararin sama. Ka tsoma gogaggiyar ƙusa ko bakin wuƙa mai haske, ka ɗan dakata, ka fitar. In ta yi ja-ja, laim bai isa ba, zai ƙone ganye, sai ka ƙara. Ka tace da tsumma, ka fesa a ranar, gama ba ya kwana. Wanda ba ya son wannan wahala, akwai hodar tagulla haɗaɗɗiya, irin su Kocide da Nordox. Ya duba lambar NAFDAC, ya karanta ma'aunin da aka rubuta, ya bi shi daidai.

Amma ku ji sharaɗinsa da kyau. Ruwan tagulla ba ya warkad da ganyen da ya riga ya kamu. Yana kwanciya ne bisa ganye kamar shafen bango, ya kashe 'ya'yan cutar sa'ad da su ke iyo, kafin su shiga. Saboda haka kafin cuta a ke fesa shi, ko ranar da aka ga tabon fari, a kuma maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, ko bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke shi. A juya bakin famfo sama domin ya sami bayan ganye. A fesa da safe bayan raɓa ta bushe, ban da tsakar rana mai zafi. A fara gwada shi bisa gindi biyu a ga yadda za su yi. A rufe hanci da baki, a kiyayi ido, a wanke 'ya'yan sarai kafin a ci. Ragowar kuwa kada a zubar a kwata ko inda dabbobi ke sha, gama tagulla tana kashe kifi, tumaki kuwa kaɗan daga cikinta ya isa ya hallaka su.

Ni a ganina, mai ɗan lambun bayan ɗaki kada ya fesa shi fiye da sau uku ko huɗu a damina guda. Tagulla ba ta ruɓewa, taruwa ta ke yi cikin ƙasa shekara bisa shekara, har ta dami tana da sauran halittun da ke gyara ƙasa. Ƙasashen Tarayyar Turai ma tun 2019 sun ƙayyade ta, kada ta wuce kilo 28 a hekta guda cikin shekara 7. In su da ke da faɗin ƙasa suna tsoron haka, ina ga mu da ƙasarmu ta riga ta sha ƙarafan masana'antu? Latas kuwa ba na ba da shawarar a fesa masa sam. Ganyensa a ke ci, kwanakinsa kuma kaɗan ne. In ya fara tabo, a ɓare ganyayen waje, a yi sauri a cire sauran a ci.

Akwai kuma lokacin da ya kamata mutum ya haƙura. In rabin ganyen kokwamba ya riga ya ƙone, ba abin da za ka fesa ya komo da shi. Ka tsinke 'ya'yan da suka isa, ka tuge sauran ka binne, ko don maƙwabcinka da iska za ta kai wa. Filin kuwa kada ya zauna banza. Ka zuba alayyafo, ko rama, ko yakuwa, ko kuɓewa, gama cutar kokwamba ba ta kama ko ɗaya cikinsu, alayyafo kuwa cikin kamar mako huɗu ya isa yanka. In hunturu ya shigo, ka sake kokwambarka a wani gefe.

Na ga waɗansu sun zo da ganye cikin leda. Ku matso da su kusa da fitila mu juya bayansu ɗaya ɗaya, wanda ke da tambaya kuma ya yi.